Ranar da Tonton Jibo Ya Ɗauko Surukarshi da Batir Biyu

Don Allah, don Annabi, duk wanda ya karanta wannan kada ya ce ni ce. Ko ka gane ni, ka yi kamar ba ka gane ba. In anka tsare ka, ka ce cikin taksi ka tsince shi. Hajiya ta ce duk jikan da ya ƙara tada zancen kwad a gidanmu, ba shi ba tsarabar Makka, ni kuwa har yanzu ba a ba ni tawa ba, kuma na ga wani gyale mai ruwan toka cikin akwatin. Na so in canza sunayen mutane, sai na ga in na canza ni ce zan rikice, tunda ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba. To na bar nasu. Nawa kaɗai na ɓoye.

Tonton Jibo mijin Tanti Indo ne, babbar ɗiyar Hajiya Kadi ta nan Saga. Mutum ne dogo, mai gashin baki, kullum da turnabis, abin kwance sukuru, a aljihun gaba kamar yadda wasu ke sa biro. In kana son ka yi latti, ka ce mishi wani abu ya lalace a gidanku.

"Wannan? Wannan ai minti biyar ne," haka yake cewa. "Ni da anasara ke kira in injinsu ya gagare su?"

Shi ya gyara rediyon liman, har yau tasha ɗaya take kamawa, ita ma ta Larabawa. Shi ya gyara tsohon firigon Hajiya, aka sa ruwa da safe, da azahar anka same shi da zafi kamar na shayi. Tun rannan Hajiya ta kafa doka: mijin Indo ya shigo gidanta, ya zauna, ya ci, ya sha, amma duk abin da ke da waya, ko igiyar shanya ce, kada ya taɓa.

To ga inda matsalar take. Hajiya tana da gonar shinkafa can ƙasan gida wajen kogi, da motopom, injin da ke jawo ruwa. Injin yana cikin wani ɗan ɗaki mai kwaɗo, lakile kuma, wato mabuɗin, yana hannun ɗanta Boubacar, ƙanen Tanti Indo. Mai riƙe da lakilen nan ba ƙaramin mutum ba ne a bakin gona. Maƙwabta su zo su gaishe shi, su ce don Allah a ɗan sako musu ruwa. Sai ga shi an yi wa Boubacar canjin wurin aiki zuwa Doso. Da Hajiya za ta tafi Makka ta ce, "In na dawo lafiya, zan ga wanda zan damƙa wa."

Tonton Jibo ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga wani namiji babba a gidan ba sai shi. Daga nan ya daina barcin rana. Har ya fara gwada yadda zai riƙa kaɗa lakilen a yatsa. Abu ɗaya ya tsaya mishi a wuya: firigon nan. Dole ya yi wani abin da zai sa Hajiya ta manta da ruwan zafi.

Yana da kwad. Kwad moto ne mai ƙafa huɗu manya-manya, yana shiga yashi, yana shiga laka, bai san wani abu wai shi hanya ba. Wani anasara da Tonton Jibo ke yi wa gadi a Gaweye ne ya bar mishi da zai koma ƙasarsu. Tonton yana cewa kyauta ce ta girmamawa. Tanti Indo tana cewa mutumin bai samu wanda zai ɗauka ba ne.

Saura kwana uku jirgin alhazai ya sauka, anka yi ruwa irin wanda ke kwance katanga. Hanyar da ta taso daga gudron, wato titin kwalta, zuwa ƙofar gidan Hajiya ta koma kunu. Mota ba ta shiga, ko ta shiga ba ta fita. Hajiya kuwa gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa.

Anka zauna shawara ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida. Boubacar ya ce, "Ba wani abu. Ni in ɗauko ta da mota har bakin gudron, daga nan amalanken Isa ya ƙarasa da ita. A shimfiɗa darduma mai kyau."

Tonton Jibo ya miƙe tsaye.

"Jaki? Hajiya sabuwa fil daga Makka, da fararen kaya, a bayan jaki? Boubacar, kai fa ka yi karatu! In jakin ya ɗaga wutsiya fa? Ina raye, ga kwad a ajiye? Wallahi ni zan kawo ta, kuma in ɗigon laka ɗaya ya taɓa rigarta, ku canza mini suna."

"Sunan ai tun na firigo munka canza," in ji Boubacar.

Tanti Indo tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "To malam, in ta hau bayanka, ina za ta riƙe?"

"Ta riƙe mi?"

"Mai hawa bayan moto ina yake riƙewa? Ƙugunka Inna za ta kama?"

Tonton Jibo ya ji gumi ya keto mishi har cikin kunne. Shekara goma sha tara yana auren Indo, bai taɓa haɗa ido da uwarta ba. In ya hango ta, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida ƙasa. Ita ma bakinta bai taɓa kama sunanshi ba, sai dai "mijin Indo". In suna da magana, sai an samu na uku ya tsaya tsakani ya kai ya kawo. Yanzu a ce hannunta a ƙugunshi, gaban mutanen Saga?

Ya zauna. Ya sake miƙewa.

"Kujera!" ya ce. "Kujerarta ta salo, ta ɗakin baƙi, mai hannu! In ɗaure ta a baya, tana kallon baya. Ni ina kallon gaba, ita tana kallon inda munka fito. Ba ta ganina, ba na ganinta. Ko a jirgin sama ba ta samu irin wannan ba."

Da ya tsaya nan, da wataƙila ba ni da abin rubutawa. Amma Tonton Jibo ba ya tsayawa.

Washegari ya ɗaura fanka ƙarama a kan sanda, ta riƙa fifita Hajiya. Ya ɗaura bafil, wato akwatin sautin nan na ƴan biki, don ƙasida ta riƙa tashi. Ya kewaye kujerar da ƴan fitilu masu ƙyaftawa, kore da ja. Ya ƙara kilason, wato hon, na babbar mota wanda ya tsinta tun bara. Ya kira maƙwabta su zo su ga gwaji. Ya kunna komai lokaci guda. Fanka ta juya sau huɗu, bafil ya ce "Bismil..." ya yi shiru. Ya murɗa lakilen kwad, kwad ya ce "tak". Ya sake, ya ce "tak".

Tanti Sa'adatu mai tuya a bakin hanya ta ce, "Jibo, shi ke nan an gama? In tafi, maina yana wuta."

Ya tura kwad har garajin Oumarou makanisiye, yana haki.

Oumarou ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya kewaya abin sau biyu. Ya ce, "Patron, wannan moto ne ko gidan biki?"

"Bar surutu. Batir ne ya yi mishi kaɗan."

"Ƙwarai kuwa. Ɗan batir kamar sabulu ka ɗora wa kayan unguwa guda. Ka ƙara na biyu. Amma ka ji ni da kyau: ja da ja, baƙi da baƙi. Kuma ka sa fizibil a tsakani, in wuta ta yi yawa shi zai ƙone ya ceci sauran. Ka kawo batir ɗin in haɗa maka, ba ya ɗaukar lokaci."

"Ja da ja?" Tonton Jibo ya yi dariya har ya dafa bango. "Oumarou, ka taɓa buɗe tocila?"

"Na taɓa."

"Yaya ake jera pil a ciki? Kai da kai ne, ko kai da gindi?"

"Kai da gindi, amma ita tocila..."

"To! Kai da gindi, haske ya ninka. Tun ina yaro na san wannan. Kai kana son ka jera mini su kafaɗa da kafaɗa kamar masu salla, kowa yana jiran ɗan'uwanshi ya yi aiki. Ni ƙarfi biyu nake so."

"Ƙarfi biyun ne zai kashe ka. Abin nan sha biyu yake ci, za ka ɗura mishi ashirin da huɗu."

"Kai in an ba ka tuwo malmala biyu, mutuwa kake yi?"

Oumarou ya share hannu da tsumma. Ya ce, "Yaushe Hajiyar za ta iso?"

"Jibi, bayan azahar."

"Zan rufe garaj in zo."

Tonton Jibo ya ji daɗi, ya ɗauka girmamawa ce.

Oumarou ya cika mishi tsohon batir, saura na biyu. Ya zagaya ko'ina bai samu aro ba, don duk mai batir a Saga ya san shi. Ranar da za a iso, da safe, mata suna can baya wajen tukwane, sai ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiya na Hajiya. Ga batir nan ƙato, baƙi, wanda panon rana, farantin nan mai kama hasken rana, ke cikawa, shi ke riƙe da sabon firigo. Firigon kuwa cike yake maƙil da bisap, wato zoɓo, da lemu-hari na baƙi, ga kankara ana jira ta kama.

Ya ce a ranshi, "Dokar ta ce kada in taɓa waya. Ni ba waya zan taɓa ba, batir ne. Kuma na Hajiya ne, Hajiya zai ɗauko. Awa biyu in maido shi."

Ya rungumo shi kamar rago, ya cusa ƙarƙashin kujera.

Can Tanti Indo ta leƙo. "Malam, firigon Inna ya yi shiru fa."

"Kuran ne ya tafi, an ɗauke wuta."

"Wane kuran? Na rana ne."

"To ranar ce ta tafi. Ba ki ga hadari ba?"

Ta ɗaga kai ta dubi sama. Akwai ɗan gajimare ɗaya can wajen Tondibia. Ta dube shi, ta buɗe baki, sai wata ta ƙwala mata kira wai miya tana kamawa. Allah ya cece shi, ko in ce Allah ya ƙyale shi.

Igiyar ɗaure kujera ba ta isa ba. Ya duba, ya duba, sai idonshi ya faɗa kan wayar birkin hannu. Ƙarfe ce, mai ƙwari. "Birki biyu ɓarna ce," ya ce, "na ƙafa ya isa." Ya zare ta, ya ɗaure kujerar tam. Wayar wuta ma ba ta kai ba, sai ya haɗa guntaye uku, ya murɗe su da haƙori, ya naɗe mahaɗin da leda. Mahaɗi ɗaya ya faɗo daidai kan birkin ƙafa, inda ake takawa. Ya jera batir kai da gindi kamar yadda ya ce. Waya ɗaya ya bari a kan tsohon, mai ɗan baki kamar na kada. In ya ɗauke ta ya maƙala a kan sabon, ƙarfi biyu ya shigo. Bai gwada ba, wai kada ya rage wa Hajiya ƙarfinta. Fizibil kuwa ya ce na matsorata ne.

A hanya ya gamu da Isa mai amalanke ya shimfiɗa darduma yana jira. Ya ce mishi, "Koma gida, an sallame ka. Ka gaida jakin."

Bayan azahar bakin gudron ya cika. Mata da anko, tsofaffi da carbi, Oumarou a gefe ya harɗe hannu, da filaya a aljihun baya. Motar Boubacar ta tsaya, anka ɗau guɗa. Hajiya Kadi ta fito fara tas daga kai har ƙafa, ta yi murmushi, haƙorin Makka ya ƙyalla. Kowa yana son ya taɓa hannunta.

Tonton Jibo tun daga taku goma ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gaida ƙasa. "An zo lafiya? Ya hanya? Allah ya karɓa."

Hajiya ta amsa wa iska. Sannan ta ga kwad. Ta ga kujerar salonta a sama, da fanka, da fitilu. Murmushin ya koma ciki da haƙorin duka.

"Boubacar, wa ya haɗa wannan?"

"Mijin Indo ne, Inna."

"Ina jaki?"

"An sallame shi."

"Wa ya sallame shi?"

Boubacar ya nuna da leɓe.

Ta dubi lakar, ta dubi fararen kayanta, ta dubi gwiwarta. Mata sunka yi ta lallashi: "Hau, Hajiya, ai ɗa ne, ya yi ƙoƙari." Ta karanta abin da ta karanta, anka ɗaga ta anka ɗora. Ta rungume jarkar zamzam a cinya, tana fuskantar jama'a, bayanta na kallon gida.

Tonton Jibo ya dubi takalmanshi. Sa takalmi gaban suruka, kuma sabuwar Hajiya? Ba a yi shi ba. Ya bar su nan bakin gudron, ya hau da ƙafa tsirara. Ya tada kwad, ya sa giya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Jama'a, ku matsa! Oumarou, buɗe idonka ka koyi aiki!"

Ya sunkuya, ya ɗauke wayar nan, ya maƙala a kan sabon batir.

Wayyo Allah.

Fitilun sunka yi wani haske sau ɗaya, da rana tsaka har anka runtse ido, sannan pat-pat-pat, sunka fashe ɗaya bayan ɗaya kamar gugguru. Bafil ya ɗauki ƙasidar da muryar da ba ta mutum ba, ya yi tari, ya fitar da hayaƙi. Kilason ya kama, PAAAAA, ba wanda ya taɓa shi, kuma bai sake ba. Fanka kuwa ta zama wani abu daban. Ta ɗauki gyalen Hajiya ta miƙar da shi tsaye kamar tuta, ta kwashe hular wani tsoho ta kai ta cikin kaskon Tanti Sa'adatu.

Tonton Jibo ya firgita, babban yatsanshi ya danne abin ba moto wuta, kwad ya yi tsalle ya shiga laka.

Mata sunka ɗauka haka tsarin yake. Sunka bi da gudu suna guɗa.

Ya kai hannu birkin hannu, hannun birkin ya lanƙwashe laƙwas, ba komai a ciki. Sai ya tuna inda wayar take: ƙarƙashin Hajiya. Ya taka na ƙafa. Ledar ta riga ta narke, mahaɗin ya yi ja kamar garwashi. Tafin ƙafa tsirara ya sauka a kai.

"Wayyo ƙafata!"

Ya ɗage ƙafafu biyu sama, gwiwoyi har kunne, kamar kwaɗo a kan tulu.

Hajiya tana baya, iska na cika mata baki, tana ganin jama'a suna ƙanƙancewa. Ga mai tuƙi nan, bayanshi na gogar bayan kujerarta, in ta miƙa hannu za ta ja kunnenshi. Amma ba ta juya ba. Ta hango Boubacar yana gudu cikin laka da takalmin ofis, ta ƙwala:

"Boubacar! Ka ce wa mijin Indo ya tsaya!"

Boubacar ya ƙwala: "Ta ce ka tsaya!"

Tonton Jibo ya ji ta tun farko sarai, amma sai da saƙon ya biyo ta hanyar da ta dace sannan ya amsa, yana kallon gaba: "Ka ce mata ana ƙoƙari!"

"Inna, wai ana ƙoƙari!"

"Ka tambaye shi, abin ba shi da birki ne?"

"Wai ba birki?"

"Ka ce mata akwai! A kanshi take zaune!"

Boubacar ya zame, ya faɗi, ya tashi da rabin fuska baƙa. "Inna, wai ke kinka zauna kan birkin!"

"Ni? La'ilaha illallahu! Ka ce mishi ya kashe!"

"Kashe, Jibo! Kashe shi!"

Wannan kam shawara ce. Ya saki wuta, ya murɗa lakile, ya zare shi gaba ɗaya. Injin ya mutu. Amma kwad bai tsaya ba. Ashe ɗan injin da ke tada babban, wanda ake ji yana "kyar-kyar" in an murɗa lakile, wutar ta yi mishi yawa har ya manne. Shi ya ci gaba da tura abin, kyar-kyar-kyar-kyar, yana tafiya yana zabura kamar akuya mai shaƙuwa.

Tonton Jibo ya ɗaga lakile sama kowa ya gani. "Ga shi! Ga shi a hannuna! Na kashe! Ku shaida na kashe!"

Wata tsohuwa ta ce, "Moto na tafiya ba lakile? Hajiya ta zo da karama!" Wasu sunka ƙara guɗa. Oumarou yana biye a hankali ta gefen katanga inda ba laka, yana ihu, "Cire wayar! Cire wayar batir!" Amma kilason ya cinye muryar.

Sunka iso ƙofar gida. An share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Tanti Indo tana tsaye da faranti, ta yi kwalliya, tana hawayen murna. Ta ga mijinta ya wuce, gwiwa a kunne, lakile a sama. Sannan ta ga uwarta ta wuce, tana kallonta ido cikin ido, gyale a tsaye.

"Sannu da zuwa, Inna!" Abin da ya fito bakinta ke nan.

"Indo! Ki ce wa mijinki nan ne gidan!"

"Malam, nan ne gidan!"

"Na sani!"

Bayan gidan Hajiya gangara ce. Ƙarshen gangara kuwa gona. Kwad ya ji gangara ya ƙara mai da kanshi. Ya haye kunyar gona, ya faɗa cikin shinkafar da anka dasa sati biyu da sunka wuce, ya yi ta nika ta, layi ɗaya miƙaƙƙe, har tsakiya. Nan ƙafafun sunka nutse. Kyar... kyar... wani hayaƙi mai warin roba ya tashi. Fanka ta tsinke daga sanda ta tafi abinta cikin gonar maƙwabci. Tonton Jibo kuma, da abin ya tsaya cak, shi bai tsaya ba. Ya bi ta saman kan kwad ya shiga ruwa da fuska.

Balbelu sunka tashi fari fat. Kilason ya yi ta raguwa, paaa... paa... kamar ɗan akuya da ya gaji da kuka, har ya yi shiru.

Duk Saga ta jeru a bakin gona. Ga Hajiya Kadi a tsakiyar ruwa, bisa kujerar salo, da jarkar zamzam a cinya, tana fuskantarsu kamar ta kira taro. Ta sa hannu ta gyara gyalenta. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya cije leɓe, har Tanti Sa'adatu ta durƙusa wai tana neman ɗan kunne.

Hajiya ta ce, cikin natsuwa, "Gonar wa ce wannan?"

Boubacar ya ce, "Taki ce, Inna."

"Na ga kamar na san ta."

Maza huɗu sunka naɗe wando sunka shiga. Sunka ja kujera, ta ƙi. Sunka nemi bakin ɗaurin, ba su samu ba. A duk aikin da Tonton Jibo ya yi a duniya, ɗaurin nan kaɗai ya yi kyau. Sai da Oumarou ya shigo da filaya ya datse. Ya leƙa ƙarƙashin kujerar, ya ce, "Kai da gindi. Patron, haske ya ninka kuwa."

Anka ɗauki Hajiya da kujerar a kafaɗa har tsakar gida. Tonton Jibo ya biyo baya yana ɗingishi, laka tun daga gira har ƙafa, ido biyu kawai ake gani. Da anka sauke ta, ya leƙa daga nesa, ya ƙare wa fararen kayan kallo. Sai ya ja hannun Boubacar.

"Duba da kyau. Akwai ɗigo? Ko ɗaya? Mi na ce muku? Na ce laka ba za ta taɓa ta ba. Ta taɓa ta?"

Wallahi ba ta taɓa ta ba. Har wasu sunka fara gyaɗa kai. Tonton Jibo ya ji lakilen motopom ya fara dawowa wajen yatsanshi.

Sai Hajiya ta ce maƙogwaronta ya bushe, a ba ta lemu-hari mai sanyi.

Tanti Indo ta kawo a kofi. Hajiya ta kurɓa. Ta tsaya. Ta riƙe shi a baki kamar mai tuna wani abu da ta taɓa sha. Ta haɗiye.

"Indo. Wannan ɗumin na san shi. Wa ya taɓa mini firigo?"

Daidai nan Oumarou ya shigo, rungume da batir baƙi yana ɗigar laka. "Salamu alaikum. Ina za a ajiye wannan?"

Tonton Jibo ya nemi takalmin da zai tuɓe, babu. Ya durƙusa haka nan.

Hajiya ta sa anka kawo lakilen motopom daga hannun Boubacar. Ta riƙe shi a tafin hannu. Ta yi magana tana kallon dalbejiya.

"Indo, ki gaya wa mijinki. A Arfa na ɗaga hannu, na ce ya Allah, ɗana zai tafi Doso, ka nuna mini a fili wanda zan ba lakilen nan da wanda ba zan ba ba, don ni tsohuwa ce, ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi. Na san za a amsa mini. Ban dai zaci amsar za ta zo da kilason ba."

Nan kam mutane sunka kasa. Liman ma sai da ya rufe fuska da rawani.

Ta miƙa wa Tanti Indo lakilen. "Ke za ki riƙe. Shi kuma ki ce mishi layin da ya nike, ya dasa shi da hannu, tushe ɗaya-ɗaya. Shinkafa ba ta da waya, wannan na yarda ya taɓa."

Kwana shida yana dashe, a sunkuye, da ƙafa ɗaya naɗe da tsumma. Kwad yana nan tsakiyar gona har yau, balbelu na sauka a kai. Amma kada ku ce ya yi sanyi. Duk wanda ya wuce sai ya miƙe ya ce, "Ka ji labari? Babu lakile, babu mai, batir kaɗai ya kawo mu daga gudron har nan. Anasaran da sunka ƙera shi ma ba su san yana yin haka ba. Lakilen motopom kuwa, a ɗakin wa yake kwana? To."

A ɗakinshi yake kwana, gaskiya ne, amma Tanti Indo ta sa mishi zare ta rataya a wuya, ko wanka da shi take shiga. Kuma tana da dalili. Shekaranjiya da na kai mata abinci gona, na same shi ya manna ido a ramin ƙofar ɗakin injin, yana magana shi kaɗai. Na ji da kunnena, ya ce, "Har yanzu da igiya ake tada ka? A wannan zamanin? Kai batir uku ma za ka ɗauka." Ban gaya wa kowa ba sai ku, don in Tanti ta ji za ta ce mi ya kai ni saurare, kuma jiya da la'asar na ga ya fito daga wajen masallaci da wani abu mai nauyi cikin buhu, ga shi tun lokacin lasifikar ladan ba ta...

Tsaya. Ƙarar sanda nake ji a zaure. Hajiya ce, wallahi ita ce, kada ku ce ni na